SYSVOL ya tsaya tsakanin DC ɗin Kano da na Gusau, ta ina zan fara?

Nasiru: Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina neman taimako kan wata matsala da ta hana ni sukuni a wurin aiki. DC (domain controller) biyu muke da su a domen ɗaya, wato sabobin da ke tantance shigar ma'aikata kwamfuta. Na farko yana babban ofis a Kano, Windows Server 2016 ne, kuma shi ke riƙe da dukkan FSMO, wato manyan ayyukan jagorancin domen. Na biyu yana reshenmu na Gusau, Windows Server 2012, VPN ne ya haɗa su. Na ƙirƙiri sabon GPO, wato dokar da ake tura wa kwamfutoci daga saba, na kulle USB, kwamfutocin Kano duk sun ɗauka, na Gusau ko ɗaya. Idan na buga gpupdate /force a can sai ya ce bai iya karanta gpt.ini ba, lamba 1058 ke fitowa a Event Viewer. Abin da ya ɗaure min kai shi ne, in na buɗe wa ma'aikaci sabon asusu a Kano, yana isa Gusau lafiya lau, har ya shiga kwamfuta da shi. To me ya hana GPO isa?

Sadiq: Wa alaikumus salam. Oga, wannan ai sanannen ciwo ne. Ka saka BurFlags D4 a na Kano don ya zama mai ba da kwafi, D2 a na Gusau don ya karɓa, ka sake kunna sabis ɗin. Kafin ka sha shayi an gama.

Malam Habibu: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Nasiru, don Allah kada ka taɓa rajistar Windows, inda ake saka BurFlags ɗin, tukuna. Sadiq, BurFlags na FRS ne, tsohon sabis ɗin da ke kwafe fayiloli tsakanin DC, kuma ba mu ma san ko FRS yake amfani da shi ko DFSR, wanda ya gaje shi, ba. Idan DFSR ne, saka D4 ba zai yi komai ba. Idan kuma FRS ne ya saka D4 a sabar da ba ita ke da kwafin kirki ba, to ya baza ɓarna a ko'ina da hannunsa.

Nasiru, buga dfsrmig /getglobalstate ka faɗa mana abin da ya ce. Sannan ka buga repadmin /replsummary. Sannan ka buɗe foldar Policies da ke cikin SYSVOL, babbar foldar da kowane DC ke riƙe da kwafinta, a kowace saba, ka ƙirga foldojin da ke ciki.

Umma: Malam, ni sabuwa ce a harkar, ina bautar ƙasa ne a sashen kwamfuta. Ban gane yadda asusu zai isa amma GPO ya ƙi isa ba. Ba duk Active Directory ba ne?

Malam Habibu: Tambayarki ita ce zuciyar maganar, ƙanwata. GPO rabi biyu ne. Rabi ɗaya yana zaune a cikin Active Directory: sunansa, inda aka liƙa shi, da lambar sigarsa. Ɗaya rabin fayiloli ne zalla, suna cikin SYSVOL, a wata folda mai dogon suna na GUID, kuma a nan gpt.ini yake tare da ainihin saitunan. Kowane rabi da mai ɗaukarsa. Active Directory na kai nasa da kansa, fayilolin kuma FRS ko DFSR ke kai su. Kamar littafin sito ne da kayan da ke cikin siton: an rubuta a littafin Gusau cewa buhu ya iso, amma motar da za ta kawo shi ta lalace a hanya. Kwamfutar ma'aikaci ta duba Active Directory, ta ga akwai sabon GPO, ta je SYSVOL ɗin DC mafi kusa da ita ta ɗauko fayil ɗin, ba ta same shi ba. Shi ne 1058 ɗin da Nasiru ke gani.

Nasiru: Malam, ga sakamako. dfsrmig ya ce Eliminated, ke nan DFSR ne. repadmin bai nuna gazawa ko ɗaya ba, ta kowane ɓangare. Amma foldojin Policies ba su daidaita ba, na Kano sun fi yawa da guda huɗu. Har da wasu GPO biyu da aka goge tuntuni, suna nan zaune a Gusau.

Injiniya Rakiya: To alhamdulillah, an rage rabin aiki. Da repadmin ya nuna 1722 ko 8614, wato musayar Active Directory ita kanta ta sami matsala, da wata magana muke yi daban, domin DFSR daga cikin Active Directory yake karanta saitunansa, ba a gyara shi a kan AD mai ciwo. Bambancin folda huɗu kuma na nufin abin ya daɗe, ba na makon nan ba ne. Shiga Event Viewer na sabar Gusau, ƙarƙashin Applications and Services Logs akwai DFS Replication. Kada ka tsaya a saƙon yau. Gangara baya har ka kai ranar da ja ko rawaya ya fara bayyana. Ina kyautata zaton 2213 za ka tarar.

Nasiru: Injiniya, kamar kina tsaye a bayana. Ga 2213 nan, tun cikin damina. Na kira wanda ke kula da ofishin can, ya ce a ranar aka yi iska mai ƙarfi aka ɗauke wuta, batirin UPS bai riƙe ba, sabar ta mutu kafin a tada janareta. Da ta dawo kowa ya shiga kwamfutarsa lafiya, babu wanda ya ga alamar komai.

Injiniya Rakiya: Haka take yi. DFSR yana da ɗan rumbun bayanansa a kowane faifai, a cikin System Volume Information, inda yake lissafin wane fayil ya canza. Idan wuta ta yanke yana tsakiyar rubutu, lissafinsa da na faifan sun saɓa. A 2008 R2 da aka sa wa wani gyara na musamman, da kuma 2012, Microsoft sun tsara cewa kada ya farfaɗo da kansa, ya tsaya ya rubuta 2213 ya jira mai kula da saba. Dalilinsu shi ne a ba ka damar kwashe fayilolinka kafin ya fara daidaitawa, don a yayin farfaɗowa yana iya ture sabon fayil ya ɗauki na abokinsa. Manufar mai kyau ce. Matsalar ita ce ba ya ihu. SYSVOL na nan a buɗe, NETLOGON mai ɗauke da fayilolin shiga na nan, mutane na shiga, sai ranar da wani ya yi sabon GPO asiri ya tonu. A ƙasar da ake ɗauke wuta sau da dama a yini, wannan tsarin ya cuci mutane da yawa.

Sadiq: To shi ke nan, ai a cikin saƙon 2213 ɗin ma an rubuta umarnin wmic mai ResumeReplication da GUID ɗin faifan. Ka kwafe ka liƙa kawai.

Malam Habibu: Da a makon da abin ya faru ne, maganarka daidai ce, Sadiq. Amma ka lissafa daga damina zuwa yau. Akwai wani saiti, MaxOfflineTimeInDays, wanda yake kan kwana 60 tun daga 2012. Sabar da ta wuce wannan adadin ba ta yi musaya da kowa ba, DFSR zai ƙi yarda da ita, ya rubuta 4012. Nasiru, kafin komai ka duba littafin DFS Replication na Kano ma. DC biyu kacal gare ka. Idan na Gusau bai yi magana da kowa ba, to na Kano ma bai yi magana da kowa ba.

Nasiru: Innalillahi. Malam, akwai 4012 a Kano. Na kuma buga wmic na dfsrReplicatedFolderInfo, State ɗin SYSVOL a Kano 5 ne.

Umma: Me 5 ke nufi?

Injiniya Rakiya: Yana cikin kuskure. 4 shi ne lafiya. 2 yana karɓar kwafin farko, 3 yana farfaɗowa da kansa.

Bashir: Ni fa a ganina ana tsawaita abu. 'Yan foldoji ne kawai. Ya kwafe su da robocopy daga Kano zuwa Gusau, ma'aikata su samu GPO ɗinsu yau, gyaran ya biyo baya in an samu sarari. Ko kuma ya ɗaga MaxOfflineTimeInDays ɗin zuwa 300 a sabobin biyu, ya yi ResumeReplication, su daidaita kansu. Na ga an yi hakan ya yi aiki.

Malam Habibu: Bashir, ban musa maka cewa yana aiki wani lokaci ba. Amma ka duba dalilin da ya sa aka sa iyakar. Idan aka goge fayil, DFSR yana ajiye shaidar gogewar na kwana 60 ne, daga nan ya manta. Nasiru ya ce akwai GPO biyu da aka goge a Kano suna nan a Gusau. Idan shaidar ta riga ta shuɗe, ka ɗaga iyakar ka haɗa su, Kano na iya ɗaukarsu a matsayin sabbin fayiloli, su dawo. Kuma duk fayil ɗin da aka taɓa a wurare biyu, DFSR ne zai zaɓi wanda ya ci, ba kai ba. Ni ba na son na'ura ta yanke min wannan hukuncin a kan dokokin tsaron kamfani.

Maganar robocopy kuwa ita ce ta fi damuna. Ranar da aka kwafe da hannu, ƙorafin ma'aikata zai tsaya, kuma gyaran da ka ce zai biyo baya ba zai zo ba, duk mun san yadda ofis yake. Wata uku nan gaba wani zai canza dokar kalmar sirri ko ta fayawol a Kano, Gusau na kan tsohuwa, babu wanda ya sani. Ga kuma izinin foldojin da kan lalace in ba a kwafe da kulawa ba.

Bashir: Na ji ta robocopy, na janye. Amma ta ɗaga iyakar ina nan a kan bakana, ga wanda ya tabbata ba a goge komai ba.

Injiniya Rakiya: A nan dai an goge, shi da kansa ya faɗa.

Sadiq: To me zai hana ya sauke na Gusau daga matsayin DC ya sake ɗora shi? Zai jawo sabon SYSVOL daga Kano.

Injiniya Rakiya: Daga wa zai jawo? Na Kano yana kan 5, ba ya ba kowa komai. Sabon DC ɗin zai tsaya a 4614 yana jira, ba zai buɗe SYSVOL da NETLOGON ba, sai a wayi gari Gusau babu DC kwata-kwata, kowa na bin VPN zuwa Kano don ya shiga kwamfuta. Wannan ita ce hanyar da mutane da yawa ke gano cewa tsohuwar sabarsu ta daɗe da ciwo: sun kawo sabuwa, ta ƙi buɗe SYSVOL. Dole sai an fara tada na Kano a matsayin mai gaskiya.

Mamman Damagaram: Salamu alaikum, ku yi min afuwa in shigo da tawa, tana da alaƙa. Sabobinmu da Faransanci suke, amma lambobin iri ɗaya ne, shi ya sa nake bin maganar tiryan-tiryan. Mu DC biyu ne 2008 R2, domen ɗin tun zamanin 2003 aka kafa shi. Mun sayi sabuwar saba da 2019, ta ƙi zama DC, tana cewa FRS muke amfani da shi. A tsohuwar kuma ina ganin 13568.

Malam Habibu: Wa alaikumus salam Malam Mamman. Taka daban ce amma 'yar gida ɗaya ce. Domen da aka kafa a 2003 yana nan kan FRS har sai an yi masa ƙaura da hannu, ko da an canza sabobin duka. 2016 ce ta ƙarshe da ke karɓar FRS, 2019 ba ta karɓa. 13568 kuma yana nufin FRS ya ɓace wa lissafin canje-canjen faifan, ya tsaya. A wurinka ne maganar Sadiq ta BurFlags ke aiki: D2 a sabar da ke da 13568, in har ɗayar lafiyarta ƙalau kuma kwafinta ne cikakke, ka jira 13516, alamar FRS ya warke. Sai FRS ya warke sarai za ka fara dfsrmig. Ka ba mu mu gama da Nasiru, zan dawo kanka.

Nasiru, kafin mu fara, tambaya ɗaya wadda ta fi duk umarnin da za ka buga muhimmanci. Ka tabbata babu wani abu a SYSVOL ɗin Gusau da babu shi a Kano? Kada ka amsa da ka. Je ka gwada foldar scripts ta wuraren biyu, fayil da fayil, ka duba ranakun da aka taɓa su.

Nasiru: Allah ya saka da alheri, Malam. Akwai. Wanda ke kula da can ya gyara fayil ɗin shiga na ma'aikatan reshen kai tsaye a NETLOGON ɗin Gusau lokacin da suka canza firinta, ya kuma ƙara wani sabo na haɗa foldar akanta. Babu ko ɗaya a Kano.

Malam Habibu: Ka gani. Da mun yi gaggawa, gobe da safe 'yan akanta su nemi foldarsu su rasa. DFSR kan ture irin waɗannan zuwa PreExisting ko ConflictAndDeleted a cikin DfsrPrivate, amma ConflictAndDeleted na da iyakar girma, yana share tsofaffi, kuma sunayen fayilolin a can a hargitse suke. Ba wurin dogaro ba ne.

Ga yadda za ka yi, kuma bayan an tashi daga aiki. Kwafe SYSVOL ɗin kowace saba gaba ɗaya zuwa wani wuri daban, ka kuma yi Backup-GPO -All. Ɗauki fayiloli biyun nan na Gusau ka sa su a scripts na Kano, don Kano ya zama cikakke. Tsayar da sabis ɗin DFSR a sabobin biyu, ka mai da shi Manual. Buɗe ADSI Edit, manhajar gyara saitunan AD kai tsaye, ka shiga OU, wato sashen, Domain Controllers, ƙarƙashin sabar Kano akwai DFSR-LocalSettings, sai Domain System Volume, sai SYSVOL Subscription. A nan ka mai da msDFSR-Enabled zuwa FALSE, msDFSR-Options zuwa 1. Wannan 1 ɗin ita ce ke cewa wannan ce mai gaskiya, a Kano kaɗai za ka sa ta. A ta Gusau msDFSR-Enabled kawai za ka mai da FALSE. Tura canjin da repadmin /syncall /AdeP. Kunna DFSR a Kano, jira 4114, alamar ya dakatar da musayar SYSVOL. Mai da Enabled ɗin Kano zuwa TRUE, sake turawa, buga dfsrdiag pollad, jira 4602, alamar Kano ta tashi a matsayin mai gaskiya. In ba ka ga 4602 ba, kada ka matsa ko taku ɗaya. Bayan nan ne za ka kunna DFSR a Gusau, ka jira 4114 nata, ka mai da ita TRUE, pollad, sai 4614, sai 4604.

Injiniya Rakiya: Ƙari biyu. Idan dfsrdiag ya ce babu shi, sai ka girka kayan aikin DFS Management daga Server Manager, ba ya zuwa da kansa. Sannan ka duba agogon sabobin biyu da w32tm /monitor tun kafin ka fara. Sabar da ke yawan mutuwa da wuta, batirin agogonta kan gaji, kuma Kerberos, tsarin tantance shiga, ba ya lamuntar bambancin da ya wuce minti 5. Kada ka manta 2213 ɗin Gusau ma yana nan, faifan a dakace yake, sai ka yi masa ResumeReplication ɗin nan bayan ka gama kwashe kwafinka, in ba haka ba ba zai motsa ba.

Nasiru: Na fara. Agogo daidai. Kano ta ba da 4114, ta ba da 4602, State ya koma 4. Amma na kunna DFSR a Gusau, 4114 ta ƙi fitowa.

Malam Habibu: Buɗe ADSI Edit ka haɗa shi da sabar Gusau kanta, ba Kano ba. Me msDFSR-Enabled ke nunawa a can?

Nasiru: TRUE. Na duba, VPN ya yanke a daidai lokacin da na tura, repadmin ya ba da 1722 a layin ƙarshe.

Malam Habibu: Shi ne. Sabar Gusau daga kwafinta na AD take karantawa, canjin bai iso ta ba. Tsakanin site biyu, kamar Kano da Gusau, in ba a canza ba, sai bayan minti 180 AD ke yin musaya da kansa. Tsayar da sabis ɗin, jira layin ya dawo, sake turawa, ka gani da idonka ya zama FALSE a can, sannan ka ci gaba.

Nasiru: Alhamdulillah. 4114, 4614, sai ga 4604. State 4 a duka biyun. Foldojin Policies sun daidaita, tsofaffin biyun sun tafi. Na ajiye ɗan fayil na gwaji a scripts na Kano ya bayyana a Gusau, na goge shi daga Gusau ya ɓace a Kano. Kwamfutar akanta ta ɗauki dokar USB, foldarsu ma tana nan. Na mai da sabis ɗin Automatic. Malam, Injiniya, Allah ya ƙara ilimi, ya jiƙan mahaifa.

Injiniya Rakiya: Amin. Amma ba ka gama ba. Abin da ya kashe ta yana nan. A canza batirin UPS, a kuma haɗa shi da sabar ta USB don ta kashe kanta cikin tsari idan batiri ya kusa ƙarewa. Ni kuma a DC ɗin da SYSVOL kaɗai yake ɗauke da shi, ina mai da StopReplicationOnAutoRecovery zuwa 0, a rajista ƙarƙashin Services, DFSR, Parameters. SYSVOL ƙarami ne, yana da kwafi a wani wuri, haɗarin ya tsaya shiru wata biyu ya fi min haɗarin ya farfaɗo da kansa.

Bashir: A nan ni ne zan ja. Yanzu muka ga mutumin reshe na gyara fayil kai tsaye a Gusau. Da ya gyara ana ɗauke wuta, farfaɗowar ta ture nasa, wa zai sani?

Injiniya Rakiya: To a hana shi. Gyaran GPO ta GPMC, manhajar kula da GPO, ake yi, wanda ke zuwa kan PDC, wato babban DC na Kano, da kansa, fayilolin shiga ma a Kano za a riƙa taɓa su. Idan wuri ɗaya ake rubutu, babu abin da farfaɗowa za ta ture. A sabar fayilolin ma'aikata, inda kowa ke rubutu ta ko'ina, zan yarda da kai.

Malam Habibu: Ko an sa 0 ko an bar 1, a sa wani abu da zai turo saƙo idan 2213, 4012 ko 5008, ta kasa magana da ɗaya sabar, suka fito. Task Scheduler ma ya isa, yana iya tashi da lambar rahoto ya kira ɗan umarnin PowerShell. Nasiru, ka kuma kai wa shugabanninku maganar 2012 ɗin nan a rubuce, Microsoft sun daina ba ta gyaran tsaro na kyauta tun 10 ga Oktoba 2023.

Mamman Damagaram: Malam, na yi D2, 13516 ta fito, SYSVOL ɗin biyu sun daidaita. In buga setglobalstate 3 kai tsaye?

Malam Habibu: A'a, Malam Mamman. Fara tabbatar da matakin domen ɗin ya kai 2008, in yana 2003 ka ɗaga shi, na forest, babban tsarin da domen yake ciki, ma haka tunda 2019 za ka shigo da ita. A sabar PDC ka buga dfsrmig /setglobalstate 1, zai ƙirƙiri SYSVOL_DFSR a gefe. Ka riƙa duba /getmigrationstate har ya ce duk DC sun iso. Sai 2, inda ma'aikata za su fara karantawa daga sabuwar foldar. Tsakanin 1 da 2 kada kowa ya taɓa GPO. Ka zauna a 2 na 'yan kwanaki kana lura, domin daga 1 ko 2 ana iya komawa baya, daga 3 ba a komawa. Turo mana abin da getmigrationstate ya ce bayan ka buga 1.